Kwanar da Mutanen Garinmu Suke Dira

Ina gida a Garuwa taubashina ya kira ni a waya. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kai bawana, jirgin ƙasa zai dawo tsayawa a garinmu."

Na ce, "Ka fara ruɗewa ke nan. Na faɗa wa Goggo tun tana raye, kai za ka riga ni."

"Wallahi an shafa wa tashar fenti. Ka zo. Ina so in sauka a kan dakalin nan da ƙafata, kamar mutum, kafin in mutu."

Garinmu ƙarami ne, kudu da Gaundare, yanzu ma birnin ya kusa haɗiye shi. Muna yara tashar tana aiki. Mata na sayar da dafaffiyar masara da zuma ta tagogi, shugaban tasha na yawo da jar tutarsa, mu kuma muna kwanciya mu kara kunne a kan ƙarfen dogo. Daga wannan dakali na fara barin gida. Bayan tafiyata aka rufe tashar. Jirgi bai daina bi ta wurin ba, tsayawa kawai ya daina. Awaki suka gaji ɗakin jira, wani ya shanya rogo inda ake yankar tikiti.

Mutanenmu ba su yarda a wuce da su Gaundare su dawo a mota ba. Kafin tashar akwai wata kwana inda layin ke hawan tudu, jirgi ya rage gudu har mai keke ya iya jerawa da shi. Nan suka mayar tasharsu. Abin har da ƙa'ida: ka cire takalmi ka cusa a kaya, ka jefa kayan tukuna, ka fuskanci inda jirgi ya nufa, ka dira kana gudu. Taubashina ya yi shekaru yana fataucin goro a haka, har gwiwoyinsa suka ƙi. Ni labari kawai nake ji, ina ɗauka ƙarin gishiri ne. Na ga masu hawa rufin jirgi a Sudan, na ga masu lilo a ƙofa a Ikko, na shiga na ƙarƙashin ƙasa a Alƙahira, amma ban taɓa ganin garin da tsofaffinsa ke dira daga jirgi yana tafiya ba.

Na hau mota ta hanyar Ngong na isa garinmu. Dabarar taubashina ita ce mu je tashar da ke kudu da mu, mu kwana gidan wani abokinsa, da safe mu shiga jirgin da zai fara tsayawa. Haka muka yi. Ya sa farar babbar riga mai aska, da sabon takalmi da ke matse shi. Na ce ango ya yi kyau, saura amarya. Ya ce in riƙe masa jaka, aikina ke nan.

Taragon cike yake da 'yan garinmu masu dawowa daga kudu. Ana ta hira da Fulatanci da Hausa, kowa na cewa yau sai a dakali. Mai duba tikiti ma ya bi yana sanarwa da Faransanci.

Sai jirgi ya fara hawan tudun, ƙarar ƙafafunsa ta canza. Hirar ta mutu. Na ga wata mata ta miƙe ta ƙara ɗaure goyonta. Wani ya tura buhu ta taga. Kafin in gane abin da ke faruwa, rabin taragon ya yi layi a bakin ƙofa, kowa ya cire takalminsa.

Mai duba tikiti ya daka tsawa, "Zai tsaya! Ku zauna, zai tsaya!"

Wata tsohuwa ta waiwayo ta ce, "In bai tsaya ba, ɗan nan, kai za ka goyo ni daga Gaundare?" Ta jefa ƙullinta, ta bi shi.

Na leƙa ta taga, bakina a buɗe. Mutane na zuba daga kowane tarago, suna gudu a gefen layi, mai goyon nan har da gyara ɗankwali. Na juyo in ce wa taubashina ya ga haukan danginsa, sai na tarar ya sunkuya yana cire takalmi.

"Alhaji, me kake yi?"

Bai dube ni ba. "Ba ka san jirgin nan ba. In ya wuce kwanar, shi ke nan."

"Don dakali muka zo! Kai ka kira ni!"

"In ya wuce da ni a gaban mutane fa, da wannan riga?"

Na kama hannun rigar. Ban san tsoho mai ciwon gwiwa na da irin wannan ƙarfi ba. Ya fizge, ya kai ƙofa, ya fuskanci gaba yadda ya saba. Abin da bai saba ba shi ne dira da babbar riga. Na ga iska ta buɗe ta, na ga ta naɗe masa ƙafa, na ga farin abu ya gangara cikin duwatsun gefen layi. Salati kawai nake, na kasa ko ihu.

Jim kaɗan jirgi ya ja birki ya tsaya cak.

An kafa rumfa, an jera kujeru, manyan baƙi sun miƙe tsaye, makaɗa sun saki ganga. Daga dukan jirgin, ni kaɗai na sauko, da jakar wani a hannuna. Wani mai kwat ya rungume ni, ana ɗaukar hoto. Na ce masa mutum ya faɗi, da Hausa, da Fulatanci, da Faransanci, ganga ba ta bari ya ji ba. Na ture shi na bi layi na koma baya, ina tuntuɓe.

Na same shi kwance, waɗanda suka dira sun kewaye shi. Ƙafarsa ta dama ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Wani ya riga ya tafi ciro ƙyauren gidansa don a ɗauke shi. Goshinsa na zubar da gumi, amma da ya gan ni sai ya kamo wuyan rigata.

"Ya tsaya?"

"Ya tsaya, Alhaji."

Ya rufe ido. Da aka ɗora shi a kan ƙyauren, masu ɗauka suka nufi tasha, don nan ne hanyar mota ta fi kusa. Ya buga katakon da tafin hannu.

"Ba ta nan ba. Ku zaga da ni ta bayan gonaki, kada baƙi su gan ni."

Muka zaga ta cikin rogo, hanya mai nisa, yana cije leɓe duk inda aka yi gargada. Muna jin ganga a bayanmu, har jirgin ya yi kuka ya tashi.