Guɗar Yaya a Tsakiyar Waƙar Faransa

Har na haura shekara arba'in ina da yaƙinin cewa duk mawaƙin da ya dire waƙa aka yi masa shiru, to an ƙi shi ne. Ranar da wannan yaƙini ya girgiza ba za ta fita daga raina ba.

'Yata haifaffiyar Jidda ce, tana jin Hausa amma Larabci ya fi zama a bakinta. Ta nace sai ta koyi rera waƙoƙin Faransa na dauri, irin waɗanda ake ɗaukar baitocin sha'iri a ɗora musu sauti, murya ɗaya da fiyano. Ni da na yi jami'a da Faransanci a Yamai ban ga amfanin abin ba. Muka yi sharaɗi: za ta rera sau ɗaya a taron ɗaliban malamarta, in jama'a ba su karɓa ba, halas, magana ta ƙare, ta bari.

Na tafi da yayata mai sayar da atamfa a kasuwar Bab Makka ta Jidda. Jerin waƙoƙi shida ne na sha'iri guda. Yarinyar ta rera ta farko, ta bazara da masoya, ta dire. Ba wanda ya motsa. Ta biyu ma haka.

"Kai ɗan boko," in ji Yaya a kunnena, "kuskure ta yi?"

"Ban ji kuskure ba, Yaya."

"To gumaka aka tara mata?"

Kowace kalma ina fahimta, amma ɗakin ya gagare ni. Ga shi abin da na zo nema ke nan, ta faɗi ta bari, sai kuma na kasa yin murna. Har yau ina tambayar kaina wanne nake roƙa mata a lokacin.

Ta uku makoki ce, wani yana kukan masoyiyarsa da ta rasu. Da aka sake yin tsit, Yaya ta ce, "Ba a yi wa jinina haka ina zaune." Ta miƙe, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa. Kawuna suka juyo. Mai fiyano ya daskare da hannu a sama. 'Yata ta runtse ido, na ce shi ke nan. Sai ta ja numfashi ta shiga ta huɗu.

Tana dire ta shida ɗakin ya ɓarke da tafi, wasu har da miƙewa.

A mota 'yata ta ce, "Ya Gwaggo, haram alaiki! Ba a tafawa a tsakani. Duka shidan tafiya ɗaya ce, shirun ma cikin waƙar yake."

"Su suka sani," in ji Yaya. "Ni dai na fitar da ke kunya."

Suka juyo gare ni in raba gardama, na kasa, kuma har yanzu ban tabbata wadda ta fi gaskiya ba. Na dai gane cewa jin harshen mutane daban, sanin shirunsu daban. Yanzu duk Alhamis ni nake ɗauko 'yata daga unguwar Sharafiyya in kai ta darasin waƙa.