Bijimin Da Ya Shiga Tsakanin Baba Da Kawunsa

Wata Talata ce, ranar kasuwa, a shekarar da ruwan dam ya fara gudana a magudanan da kamfani ya haƙa bayan gari. Ina aji uku a firamare. Na ɗauko langar abincin Baba a ka, ina ratsa jakuna da manyan motocin kwasar ƙasa, sai na tarar da wani jan bijimi ɗaure a ƙofar ofishinsu. Kawu Sambo na Bakura, ƙanin mahaifiyar Baba, wanda ya rene shi tun yana maraya, yana kan benci yana fifita da hula yana huci. A ƙasa kuma wani dattijo ya takure, an sa masa ankwa. Sunansa Malam Bawa, mutumin wajen Maradun ne, ruwa ya cinye gonarsa, bijimin nan kaɗai ya rage masa yana yi wa mutane huɗa. Kawu kuwa ya rantse nasa ne da ya ɓace da damina.

Baba saje ne na 'yan sanda, shi ke gabatar da ƙara a kotun majistare. Ofishin nasu ɗaki biyu ne kacal, amma ni a lokacin gani nake duk duniya a nan ake juya ta. Kofur Audu ne ke fita bincike a kan kekensa mai kuka, ya dawo ya zayyana wa Baba abin da ya gani. Malam Yakubu akawu, Kirista ne mai fara'a, da yatsa biyu yake buga tafireta, kuma ba ya rasa alewa a aljihu saboda mu. Akwai tsohon da ke tsaron kayan shaida, ɗakinsa cike da adduna da tsofaffin rediyo. In laifi babba ne, kamar kisan kai, sai a aika wa lauyoyin gwamnati a Sakkwato su ba da shawara. Sauran kuwa Baba ne zai auna, ya ga ko akwai hujjar da za ta tsaya gaban alƙali.

To, kayan shaida mai cin ciyawa ba ya shiga ɗaki. Kiwon bijimin a kanmu ya faɗo, mu yaran barikin 'yan sanda. Da an tashi makaranta sai mu ɗauki lauje mu nufi bakin ruwa, mu yi carafke har mu manta abin da ya kawo mu, sannan mu dawo a guje da ɗan dami. Ni kam na ɗauka magana ta ƙare, tunda kawunmu ne ya kawo ƙara.

Baba bai ga haka ba. A kasuwanninmu ba a sayar da sa sai da dillali, kuma dillali ba ya manta dabbar da ya shafa wa baya. Malam Bawa ya ce a Janbako ya saya, don haka Baba ya tura Kofur Audu can. Hanya ba kyau, keke ya yi ta faci, amma ya dawo da dillalin da kuma Bafulatanin da ya sayar. Ko waiwayen mutane Bafulatanin bai yi ba, ya je ya kama kunnen bijimin ya nuna tsagar gidansu.

Da la'asar Kawu ya shigo gidanmu ko sallama bai ƙarasa ba. "Kai da munka rena, kai za ka kunyata ni gaban jama'a?" Baba ya sauko daga kujera ya durƙusa, ya ce, "Kawu, ka gahwarce ni. Ƙarag ga ba tawa ba ta, ta hukuma ta. Ba ni iya ɗaure mutum bisa abin da na san bai yi ba." Washegari ya miƙe a kotu cikin kakinsa mai sitaci ya janye ƙarar. Ina leƙe ta taga lokacin da aka ce Malam Bawa ya tafi da abinsa. Dattijon ya rungume wuyan bijimin yana kuka, ni kuma kaina ya fasu, ji nake kamar in gaya wa kowa cewa wancan babana ne.

Kawu ya ɗauke ƙafa. Buhun shinkafar da yake aiko mana duk kaka ya tsaya, Inna ta yi ta mita. Baba kuwa duk Juma'a sai ya je Bakura gaisuwa, Kawu ya amsa da "Lahiya" fuska a kauce. Shekaru aka yi a haka. Da ciwon ajali ya kwantar da Kawu, aka tambaye shi wa zai bar wa amanar ƙananan 'ya'yansa, ga 'yan'uwa cike da ɗaki. Ya ce, "Ku kira mini Saje. Wanda bai karkata don ni ba, ba ya karkata don kowa."

Yanzu ofisoshin sun yi girma, lauyoyi sun yi yawa, ga motoci ga kwamfuta, amma in mutum ya shiga matsala abin da ake fara tambayarsa shi ne wa ya sani a ciki. Malam Bawa bai san kowa ba. Ina kewar wannan zamani, ina kuma kewar babana.