Yadda Na Zaunar da Ɗana a Benci da Bakina

Lokacin kaka ne, shekarar da masara ta yi mana kyau har rumbu ya kasa ɗauka, muka riƙa jibge buhuna a zaure. Kowa a ƙauyenmu na gefen Tsiga fuskarsa a sake, ni ma haka. A lokacin maigidana ya shekara biyar da rasuwa, ina zaune da abin da Allah ya bar mini, gona da 'yan awaki da 'ya'ya. Ni mace ce da ba ta iya ɗaga murya, ko akuya ce ta shiga mini shanya sai dai in lallaɓa ta ta fita. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya, don haka a yi haƙuri da rubutun. Na rubuto ne in sauke abin da ya daɗe a ƙirjina: saura ƙiris in raba ɗana da sana'ar da yake ci da iyalinsa, kuma wallahi da kyakkyawar niyya.

Babban ɗana ɗan ƙwallo ne. Daga filin bayan makaranta ya fara, ya koma Funtua, har wani kulob na ƙasa ya ɗauke shi ana ba shi albashi. An ce mini ɗan baya ne, ban taɓa tambayar abin da ɗan baya yake yi ba. Ɗan fari ne, kun san al'adarmu, ba na zama hira da shi. Maganar da nake yi masa a shekara ba za ta cika mudu ba. Shi ya sa idan na buɗe baki, ba shawara yake ɗaukarta ba, hukunci ne.

Wata rana ƙanwarsa da ke aure a Funtua ta zo taya ni ɓare masara. Ta ciro waya tana murna, wai duk gari ana ta tura wa juna hoton yayanta. Na goge hannu na karɓa. Sai na ga wani saurayi ya taho da ƙwallo a guje, ga ɗan nawa ya zamo a ƙasa kamar wanda santsi ya kwasa, ya share ƙwallon, saurayin ya tashi sama ya faɗo. Ya riƙe ƙafa yana birgima. Na ƙirga, sau biyar ya juya, baki buɗe kamar wanda kunama ta harba. Jama'a kuma, maimakon salati, tafi suke yi. Na tambaye ta ɗan waye wanda ya faɗi, ta ce ai ɗan Ƙarfi ne, wani kulob yake bugawa. Ƙarfi da ke nan kusa da mu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na sa ta kira mini yayan nata. Ban yi faɗa ba, a hankali na ce masa, "Ban haife ka don ka karya 'ya'yan mutane ba. Idan ka sake kayar da ɗan wani a ƙasa, ban yafe ba." Ya fara cewa, Inna ai aikin ne haka, na ce na gama magana. Ya ce to, Allah ya huci zuciyata.

Abin da ya biyo baya, daga baya aka ba ni labari. Yaron nan ya riƙe maganata da hannu biyu. Ɗan gaba ya taho da ƙwallo, sai shi kuma ya jera da shi suna gudu kafaɗa da kafaɗa, ba ya sa ƙafa, ba ya sa jiki, har bakin raga, kamar mai raka baƙo tasha. Wasa uku ana zura musu ƙwallaye. 'Yan kallo suka sa masa suna Mai Rakiya. Kocinsu ya kira shi gefe ya tambaya ko ƙafa ce ke ciwo, ya ce lafiya lau. Ko matarsa ce ta yi yaji, ya ce tana ɗakinta. Wasu suka ce saye shi aka yi, wasu suka ce sammu ne, har wani abokinsa ya kawo masa rubutun sha. Shi kuwa bai gaya wa kowa dalili ba. Yaya ƙato mai gemu zai dubi koci ya ce Innarsa ce ta hana?

Daga nan aka zaunar da shi a benci. Da aka nuna mini hotonsa, sai na ga ɗana a inuwa, sanye da riga mai dogon hannu, fes ba ɗigon taɓo, ga gorar ruwa a gefe, ya harɗe hannu kusa da manya masu tumbi, sauran yara na can cikin rana suna wahala. Na ce Alhamdu lillahi, albarkar bin iyaye ke nan, an yi masa ƙarin girma. Har waina na toya na raba sadaka. Sau biyu ƙanwarsa tana so ta yi mini bayani, ina ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Abu ɗaya ya rage mini, ban je ban haƙuri ba. Da aikin gona ya lafa, na kama kazata mafi ƙiba, na sayi goro da man zafi, na hau mota zuwa Ƙarfi. Ban sha wuyar samun gidan ba. Na tarar da uwar, wata ƙaƙƙarfar mace mai murya, tana suyar ƙuli. Muka gaisa, na ajiye kaya, na sunkuyar da kai na ce ni ce uwar wanda ya yi wa ɗanta rauni, na zo duba jiki da neman gafara, kuma ta kwantar da hankalinta, na riga na ɗaure shi da bakina, ba zai sake kayar da kowa ba.

Matar nan ta dube ni, ta dubi kazar, sai dariya. Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi tana share hawaye. Ta ƙwala kira, sai ga saurayin, ashe ya zo sunan ƙanwarsa, ya shigo da buhun masara a kafaɗa. Ta ce mini ga gurgun nawa nan. Ta ce birgimar nan tun yana ƙarami ya iya ta, duk ranar da aka ce a tafi gona. Shi kuma ya durƙusa ya gaishe ni, yana sosa ƙeya ya ce ai ƙwallon ɗana ya taɓa, shi ko ƙwarzane bai samu ba, birgimar don alƙalin wasa ya tausaya ne, kuma bai tausaya ba. Ya ce duk cikin 'yan baya ba wanda suke shakka kamar ɗana, don ba ya mugunta kuma ba a wuce shi. Sannan ya ce ashe abin da ya faru ke nan, su duk sun ɗauka aljanu ne.

Na ce ai yanzu ya huta, an ɗaga shi zuwa benci. Nan dariyar saurayin ta tsaya. Ya ce, "Inna, benci ba girma ba ne. Daga benci sai gida." Ya ce wanda ya daɗe a wurin, idan kwantiraginsa ya ƙare sallamarsa ake yi, kuma na ɗana ya kusa. Uwar tasa kuwa ta dafa ni ta ce, "'Yar uwa, don Allah kada ki janye tukuna. Wata mai zuwa za su sake haɗuwa, ki bari nawa ya ci ko biyu ne." Aka yanka kazar, aka zuba mini cinya. Saurayin ya cinye sauran.

A mota ina komowa na riƙa tunanin yaron nan, wata biyu yana shan zagin dubban mutane, bai taɓa kira ya ce Inna kin cuce ni ba. Allah ya rufa asiri ya koma wasa, amma daga baya matarsa ta gaya mini cewa a makonnin rakiyar nan ne mutanen wani babban kulob suka zo dubansa, suka kalla, suka koma, ba su sake waiwayowa ba. Har yau bai taɓa yi mini zancen ba, kuma wannan shirun ya fi mini ciwo. 'Yan uwana iyaye mata, bakinmu yana da nauyi, ɗa mai biyayya kuwa ba ya da garkuwa a gabansa. Kafin ki ce ba ki yafe ba a kan sana'ar da ba ki sani ba, ki tambaya. Tambaya ba ta zubar da girma, ni da na ƙi yi, wainata da kazata kawai na yi asara, ɗana ne ya biya sauran.

Washegari da na idar da sallar asuba, na ɗauki 'yar wayata na lalubo lambarsa da kaina. Na ce masa na janye maganata, ya je ya yi aikinsa yadda aka koya masa, sai dai in ya kayar da ɗan mutane ya miƙa hannu ya tashe shi. Na ji ya ja dogon numfashi. Can ya ce, a hankali, "Inna, har da ɗan Ƙarfi?"

Na ce, "Shi ne ma ya ci kazata. Kada ka ji masa ciwo, amma kada ya wuce."