Shekarar da Yayana Ya Zuba Kuɗin Waya a Rumbu

Yayana ɗan kasuwar hatsi ne a Isa. Tun ina firamare nake ganin mutane suna tsayawa a bakin rumfarsa, ba don su saya ba, sai don su ji abin da zai ce kan farashi. In ya ce a ajiye gero, sai a ajiye. In ya ce a fitar, ka ga buhuna a bayan babura tun daga Bafarawa har Sabon Birni. Bai taɓa karɓar lada a kan wannan ba. Sunan da ya yi shi ne abin da ya fi ji da shi, fiye da ɗakin ajiyarsa, ina jin ma fiye da ni.

Ni kuwa aikin rediyo ya kai ni Sakkwato. Wata bazara na zo hutu na tarar garin duka yana dangwalar waya. Mainin ake ce wa abin. Za ka buɗe wani wasa, hoton kunkuru ya fito, ka yi ta taɓa shi da yatsa maki yana taruwa. Masu wasan sun yi alkawarin wata rana makin zai zama kwandalar kirifto, wato kuɗin intanet, a sa ta a kasuwa kowa ya sayar da rabonsa. Wannan ranar ita ake kira ranar fashewa. Tela yana dangwala, mai shayi yana dangwala, matar yayana tana dangwala kafin awara ta soyu. Yayana ya fara da yi musu dariya. Ba a jima ba aka gan shi da tabarau a karan hanci yana bin kunkurun da yatsa biyu.

Majalisar su yayana tana zama ne a shagon wani mai gyaran waya, Bayarabe haifaffen garin, wanda bakinsa ya fi nawa Gobiranci. Shi da yayana ba sa gaisawa sai da tsiya, irin wasan Yarabawa da Gobirawa, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne. A nan suka tsare ni, wai tunda a gidan labarai nake, in faɗa musu ranar fashewa.

Ranar ban sani ba, amma na san hanyar, domin ban daɗe da haɗa shiri a kan batun ba. Na ce musu masu kwandala ba su ke sa ta a kasuwa ba, roƙo suke yi. Kasuwannin musayar kirifto kamfanoni ne, kowanne da ƙofarsa. Masu sabuwar kwandala za su kai takardunsu, kamfanin ya binciki su wane ne, ya sa masana su duba ko ginin kwandalar yana da ɓaraka, lauyoyi su duba ko za ta jawo masa rigima da hukuma. Sau da yawa akwai kuɗin shiga, ko a ba kamfanin wani kaso na kwandalar. Sai kuma a samo manyan dillalai da za su zauna da kaya da kuɗi a hannu, don mai saye ya sami mai sayarwa a kowane lokaci. Abin da kamfanin ya fi so ya gani shi ne jama'a, domin daga kowane ciniki yake cire nasa.

Mai gyaran waya ya tambaya ina jama'ar take. Na nuna masa bencin da suke zaune. Na ce yatsunsu ake ƙirgawa a kai wa kamfanin shaida.

Yayana bai ji haushi ba, abin ma ya burge shi. Ya ce ai babu sabo a ciki: baƙo ya zo da kaya, ya gaida sarkin kasuwa, a binciki asalinsa, ya biya kuɗin rumfa, a haɗa shi da dillali. Daga ranar ya ɗauka ya gama gane sana'ar, majalisa ma ta ɗauka haka.

Sanarwa ta fito bayan an yi girbi. Wata kasuwa ta karɓi kunkuru. Aka fara buɗe ƙofar zuba kaya, kowa ya tura rabonsa, waɗanda ba su tantance kansu ba suka yi layi ana ɗaukar hoton fuskarsu da katin ɗan ƙasa, ana ce musu su juya kai hagu da dama. Na zo gida bikin suna a makon, don haka da ni aka yi ranar fashewar. Da hantsi aka buɗe ciniki. Farashin ya ɗan yi sama kamar zai yi abin kirki, sannan ya juyo. Duk wanda ya dangwala a duniya yana son ya sayar a lokaci guda, masu saye kuwa ba su kai ko kusa ba. Kafin azahar allon waya ya yi ja, alamar faɗuwa.

A shagon, idanu suka koma kan yayana. Ya cire tabarau ya goge a hankali, irin yadda yake yi in zai yanke magana.

"Ku mi kuka tsoro? Wagga ai kaka ta. Kowa ya kawo sabon hatsi rana guda, dole shi hwaɗi. Mai hankali ba shi saida gero da kaka. Ku zuba rumbu, mu haɗu da bazara."

Maganar ta shiga kowa, domin abu ne da suka gani da idonsu tun suna yara. Aka mayar da wayoyi aljihu, aka aika a kawo shayi. Da muka fito na ce masa a hankali ban tabbata lissafin gero zai hau wannan abin ba. Ya tambaye ni buhu nawa na taɓa ajiyewa a rayuwata. Ko ɗaya ban taɓa ba.

A gida muka tarar matarsa ta riga ta sayar da nata tun da safe. Ba wani hasashe ta yi ba. Ta ce yatsanta ya gaji, kuma wasan ya cika mata waya har ba ta iya ɗaukar hoton jikarta. Abin da ta samu ya saya mata sabon kasko da jarkar mai. Yayana ya yi mata wa'azin rashin haƙurin mata har ta gama kwashe tuwo.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Gero ya fara tashi kamar yadda ya saba, kunkuru kuwa sai ƙasa yake yi. Masu shi sun daina magana, dillalan sun janye. Daga nan kamfanin kasuwar ya liƙa masa alamar gargaɗi, domin yadda kasuwa ke karɓar kwandala haka take korarta in ciniki ya mutu. Rannan yayana ya turo mini wata sanarwa da Turanci ya ce in fassara. Na kira shi na karanta masa da muryar labarai, don ita ce ba ta rawa: za a cire kwandalar daga kasuwa, mai kaya ya kwashe kayansa kafin wa'adi.

Na san ba asarar ce ta dame shi ba, tunda ba wanda ya zuba abin da ya wuce data da caji. Mutanen da suka ajiye a kan maganarsa yake tunani. Ya ce kada in gaya wa kowa. Kafin in amsa ya sake cewa: "A'a, bari. Ran kasuwa za ni hwaɗa musu da bakina. Ka taho."

Na bi motar safe na je. Shagon ya cika, har da manoman ƙauye da suka kawo wayoyinsu caji. Yayana bai zauna ba. Ya ce musu ya yi kuskure, kuma ya gano inda kuskuren yake. Gero yana tashi da bazara ne saboda ana cinye shi, kowace safiya rumbunan duniya suna raguwa. Wannan kuwa ba mai dakawa, ba mai damawa, yadda aka zuba shi haka yake, ko gara ba ta so.

"Bawana," in ji mai gyaran waya, "wata nawa kana gadin rumbun da ko ɓera bai leƙa ba?"

"Kai da kad dangwala da waya ukku hwa? Da wayoyin mutane da anka kawo ma gyara."

Dariya ta ɓarke, har mai shayi ya ajiye buta. Aka yi ta yi masa tsiya, wani ya ce a naɗa shi sarkin rumbun iska, ya ce ya karɓa in da rawani. Na lura dai yana dariyar yana duban fuskoki.

Da hayaniya ta lafa, wani dattijo daga wajen Bafarawa, wanda shi ma ya ajiye kunkurunsa, ya matso ya ce yana da gero a gida, ya fitar yanzu ko ya jira. Yayana ya gyara tsayuwa. Ya ce ya jira sai ruwa ya zauna an gama shuka, lokacin ne zai kai inda zai kai.

Dattijon ya yi ɗan tunani, ya ce to, zai fitar da rabi ya ajiye rabi.

A da, duka zai ajiye ba tare da ya sake tambaya ba. Yayana ya san haka, kowa a shagon ya sani. Ya ɗan sosa ƙeya ya ce rabin ma ya gode. Sannan ya juya ya ce wa mai gyaran waya ya biya wa ubangidansa shayi, mai kauri, don yau ya sha magana.