Ɗakin da Na Sa Aka Rufe

Inna Gambi ba ita ta haifi uwata ba, ba ita ta haifi ubana ba, amma duk wanda ya tambaye ni kakata, ita nake nunawa. Bazabarma ce, gidanta na unguwar Goudel kusa da kogi. Uwata tana sayar da atamfa a Babbar Kasuwa, tun da sassafe take ajiye ni a gidan, ba ta dawowa sai an yi magariba. Mu bakwai ne haka, duk 'ya'yan matan kasuwa. Idan wata uwa ta yi ƙoƙarin yi mata ihsani, sai Inna ta ɗaure fuska ta ce, "Ke, na Allah ne. Ɗauki ɗanki ki tafi."

Lokacin da ya fi wuya shi ne faɗuwar rana, don a nan ne ƙananan cikinmu suke fara kallon ƙofa suna kuka. Sai ta tara mu a bakin murhu, tana iza wuta tana cewa, "Ku matso, tatsuniya ta iso kafin uwayenku." Hausarta a karkace take, mu yi ta dariya, ita kuma ta yi mana barazana da muciya.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta zabuwa. Wai zabuwa ta yi ƙwai, amma abincinta yana nesa cikin daji, ba ta da halin kwanci. Ta kai wa kaza, kaza ta haɗa da nata ta ƙyanƙyashe, ta rene su ƙarƙashin fiffike ɗaya. 'Yan zabi suka girma, suka iya tashi, suka koma kwana bisa icce. Wata rana aka kama kaza aka kai kasuwa, ta bar sababbin tsaki. Hadari ya taso, tsakin suka zo gindin iccen suna roƙon mafaka. Zabi suka leƙo suka ce, "Kowa ya nemi fiffiken uwarsa." Da gari ya waye suka sauko suka ga abin da ruwa ya yi, kunya ta cinye gashin kansu.

"Shi ya sa zabo ke da sanƙo," in ji Inna. Mu kuwa sai mu kama shafa kawunan juna muna neman mai sanƙo. Ni na fi kowa zagin zabi.

Na yi lakwal, wato karatun boko, na samu aiki a gwamnati, na gina gida a unguwar Banifandou, na je Makka. Bara waccan, malama Ramatu mai koyar da mata a masallacin unguwarmu ta kawo shawara a taronmu. Ɗakin islamiyya yana zama a rufe daga safe har la'asar. Me zai hana a buɗe shi, tsofaffi biyu su riƙa kula da 'ya'yan mata masu fita nema? Ta ce yaro amana ne a wuyan unguwa duka, kuma liman ya yarda in mu mata mun yarda. Ta kawo misalin Zainabu mai tuyar masa a bakin titi, wadda take ɗaure ƙafar 'yarta da ɗankwali a jikin tebur, tsakanin mai mai zafi da motoci.

Ni ce na miƙe. Ni na sayi sababbin tabarmin ɗakin, kuma su nake gani a idona. Na yi magana mai kyau, irin ta waɗanda suka saba da taro. Na ambaci fitsari da tsarki da hayaniya lokacin azahar. Na rufe da cewa kowace uwa ta san yadda za ta yi da ɗanta. Mata suka gyaɗa kai, saboda Hajiya ta yi magana, aka bar zancen.

Muna sa takalma wata tsohuwa ta taɓa ni. "Hajiya, ba ke ce ta Rabi mai atamfa ba, ta gidan Gambi? Allah ya jiƙan Gambi." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Ban manta da Inna ba, ina sa ta a addu'a. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in tambayi kaina ina uwata za ta ɗaure ni da babu ita.

Kunya ta hana ni komawa in warware maganata. Na ce sai taro na gaba, na gaban ya zo na yi shiru. Wata huɗu na ɗauka kafin na je wurin malama Ramatu na ce na yi kuskure. An buɗe ɗakin, yara sun cika shi.

Ran nan da kaina na taka wurin Zainabu in yi mata albishir. Tebur yana nan, ba yarinya.

"Ina Nana?" na tambaya.

"Ai mai ya zubo mata a hannu, Hajiya. Na aika ta ƙauye wurin yayata, sai dai in na je da salla." Ta juya masarta, ta ɗago ta yi mini murmushi. "A zuba miki kamar kullum?"