Tulun Bappa a Gindin Mangwaro

Jiya na tsinko mangwaron farko na bana a gidanmu na Hammadu Kafi, sai marigayi Bappa, yayan mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Yana saurayi ya yi wa wani malamin sakandare Ba'indiye aikin lambu. A bakinsa ya tsinci kalma ɗaya ta Sanskrit, tsohon harshensu: "pana", wato sha. Ya riƙe ta har tsufa.

Ranar da muka dasa bishiyar nan, ana tsakiyar bazara, na ɗauko bokiti zan kwara mata ruwa. Ya riƙe hannuna. "Wannan wanka ne, ɗana, ba pana ba." Ya binne tsohon tulu a gindinta, ya cika shi, ya rufe bakin da faifai. Ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali, ƙasar tana ƙamshi.

Maƙwabta suka yi ta dariya, wai tsoho yana binne tulu da ransa. Nasu dashen duk ya bushe kafin damina. Namu kuwa yau ya haye katanga, jikokinsu ne ke roƙon mu mu kaɗo musu.

Bappa, kai ka yi gaskiya. Allah ya shayar da kai ruwan Alkausara.