Muryar da ta gyara mini karatu

Ina zaune a ɗakin karatu na Boɗinga, ina bitar littafin da masu ɗakin suka yaba a sanarwarsu, rubutun hannu na zamanin Daular Sakkwato. Na tsallake layi guda, sai muryar wata tsohuwa ta karanto mini shi daga bayan kantar littattafai.

Na leƙa, babu kowa.

Mai kula da ɗakin ya ce, "Inna, ke ɗai kinka shigo yau. Waɗanda sunka kawo littafin daga garin Shagari sun ce marigayiya mai shi ba ta yarda a karanta shi babu malami. Ki bar shi."

Na ƙi. Gobe zan koma, domin tun rasuwar malamata ban sami mai iya gyara mini karatu ba.

Da ku ne, za ku koma?